Mata Da Gasar Rubuta Littattafai

 

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana yau, wata rana ce ina koyar da Hausa a aji shida, na rubuta sunayen littattafai biyar a kan allo, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, kowanne da sunan mai shi a gefe. Na gaya wa yara cewa waɗannan su ne ƙagaggun labarai na farko da aka buga da Hausar boko. Ina juyowa sai na ga wata yarinya can a bencin baya ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malama, su mata a lokacin ba su iya ba da labari ba ne?" Yara maza suka bushe da dariya. Na tsawata musu, na ce mata tambayarta ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da suka rage mana, amma zan ba ta amsa. Yarinyar nan kuwa a wurin kakarta take, kusan kowane dare sai an yi mata gatanan gatananku, saboda haka ba ta ga yadda za a ce ba da labari aikin maza ne ba. To, amsar da na shirya mata ita ce na ga ya kamata ke ma ki ji.

A shekarar 1933 ne wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke shugabancin hukumar fassara da talifi a Zariya, ya ga 'yan makaranta ba su da littattafan hira da za su karanta da Hausa, sai ya sa gasa. Ya zaga manyan garuruwan Arewa yana ganawa da masu ilmin boko, yana roƙonsu su ƙago labari su rubuta. To 'yar'uwa, ki lura da wannan wuri sosai. Su wa ya tarar? Malaman makaranta da ma'aikatan En'e, kuma makarantar da ke horar da manyan malamai a lokacin, watau Kwalejin Katsina, ta maza ce zalla. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekararsa 22. Bello Kagara wansa ne. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa malami ne a Midil ta Bauci. Makarantun 'yan mata na farko da hukuma ta buɗe a Kano da Katsina sai a 1930, shekara uku kacal kafin gasar, watau 'yan matan da ke ciki ba su yi nisa da abacada ba.

Ba wai kuma mata ba su san alƙalami ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, har ta naɗa jajis suna kai waƙoƙinta ƙauyuka suna karantar da mata. Amma abin da ake nema a 1933 labari ne na zube wanda za a buga da boko. Kin ga ke nan sallamar a zaure aka yi ta, a zaure aka amsa, ba a kuwa sami ɗan aiken da zai kai saƙo cikin gida ba. Alƙalin gasa, komai adalcinsa, daga cikin abin da aka ajiye masa a kan tebur yake zaɓe.

Aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi hukumar NORLA a shekarun 1950, littattafai suka yi ta fitowa. Can a ƙarshen shekarun 1970 kamfanin NNPC na Zariya, ba na man fetur ba, na buga littattafai, ya sake sa gasa. A wannan karo 'yan mata sun riga sun shiga firamare sun fito, sai ga wata 'yar Ƙofar Mata ta Kano, Hafsatu Abdulwahid, ta aika da nata, ta kuwa zo ta biyu. A 1980 aka buga littattafai uku daga gasar: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya nata, labarin wata yarinya Bafillatana da ta kafe a kan wanda take so ko da yake ba ɗan ƙabilarsu ba ne. Shi ne ake ƙirgawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wanda mace ta rubuta. Daga 1934 da aka buga na farkon zuwa 1980, shekara 46 ke nan. Yarinyar da aka haifa ranar da Ruwan Bagaja ya fito, ta yi jikoki kafin ta ga sunan mace a bangon irin wannan littafi.

Kada ki zaci daga nan ƙofa ta buɗe. A 1982 aka buga littattafan gasar da sashen al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, kuma ƙagaggun labaran da suka yi suna daga cikinta, su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya da Zaɓi Naka, duk na maza ne. Bayan wannan tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta waɗanda suka tabbata za a saya.

A nan ne mata suka yi abin da ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin nan. Ba su tsaya jiran gasa ba. Mace za ta rubuta labarinta a littafin makaranta mai layi, ta ba mai tafireta ya buga, ta kwashi kuɗin adashinta ko ta sayar da wani abu daga kayan ɗakinta ta biya maɗaba'a, sa'an nan a kai wa masu sayar da littattafai a kasuwa, sau da yawa ma bashi, sai an sayar a biya. Abin da ya sa kike ganin littafi na ɗaya da na biyu da na uku ke nan, domin kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Talatu Wada Ahmed da littafinta Rabin Raina tana cikin na farko-farko. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana 'yar shekara 13, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, kana Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo da Allura Cikin Ruwa. Gidajen rediyo suka shiga karanta littattafan, matan aure suna aron juna ta kan katanga.

Masana suka sa wa wannan rubutu suna Adabin Kasuwar Kano, wasunsu da nufin raini, aka yi ta ja-in-ja a jaridu a shekarun 1990. A matsayina na malamar Hausa ba zan ɓoye miki ba, wani ɓangare na ƙorafin gaskiya ne. Akwai littafin da za ki buɗe ki ga an haɗe kalmomin da ya kamata a raba, an raba waɗanda ya kamata a haɗe, ba lanƙwasa a ƙ ko ɗ, har jan birona ya riƙa yi mini ƙaiƙayi. Amma wa ke gyara wa marubuci irin wannan? Edita. Shi Abubakar Imam yana da East a kusa da shi, suna bin rubutu tare. Wadda ta biya maɗaba'a da kuɗin adashi ba ta da kowa. Sai a hana ta edita, sa'an nan a ce littafinta bai isa shiga gasa ba saboda ba a gyara shi ba. Abin mamaki, da aka tashi fassara Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Turanci, Aliyu Kamal ya fassara, amma kamfanin da ya buga shi a 2012, mai suna Blaft, a birnin Chennai na ƙasar Indiya yake.

Wataƙila ki ce ai wannan matsalarmu ce ta ƙarancin karatun mata. Ni ma da haka na ɗauka, har na ji abin da ya faru a Ingila, inda mata suka daɗe suna karatu suna rubutu. Suna da wata babbar gasa ta ƙagaggun labarai mai suna Booker, wadda aka fara a 1969. A 1991 alƙalanta suka fitar da littattafai shida da suka kai zagayen ƙarshe, duka shidan na maza. Wanda ya ci ɗan Nijeriya ne, Ben Okri, saboda haka ba zan ce na ji haushin sakamakon ba. Amma masu ƙorafi sun ce wajen kashi 60 cikin 100 na ƙagaggun labaran da aka buga a shekarar mata ne suka rubuta su. Ga kuma yadda gasar take: marubuci ba ya shigar da littafinsa da kansa, kamfanin da ya buga ne ke shigarwa, kuma an ƙayyade wa kowane kamfani yawan da zai aika. Ashe tun a ofishin kamfani ake yin zaɓen farko, alƙali bai ma gani ba.

A farkon 1992 wasu mutane suka taru a wani gida a Landan, maza da mata, kuma abin lura shi ne yawancinsu ma'aikatan harkar ne: editoci, da 'yan jarida, da masu sayar da littattafai, da ma'aikatan laburare, da dillalan marubuta, watau masu karɓar rubutun mutum su nemo masa kamfanin da zai buga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Cikinsu akwai Kate Mosse, wadda ta yi aikin edita kafin ta yi suna a rubutu. Suka yi shekara huɗu suna neman mai ɗaukar nauyi, sai a 1996 aka fara gasar mata zalla da sunan kamfanin tarho na Orange, kyautarta fam 30,000, alƙalanta duk mata. Helen Dunmore ce ta fara ci. A 2007 'yar ƙasarmu Chimamanda Ngozi Adichie ta ci da littafinta na yaƙin basasa, Half of a Yellow Sun. Kamfanin Orange ya janye a 2012, amma gasar ta ci gaba, yanzu ana kiranta Women's Prize for Fiction.

Ba duk mata ne suka yi na'am ba. A. S. Byatt, wadda ta ci Booker a 1990, ta ce ware mata ma wariya ce, har ta hana a shigar da littattafanta. Ban raina maganarta ba, domin akwai haɗarin a riƙa cewa ai a gasar mata ta ci, ko kuma sauran gasa su ga an sauke musu nauyi. Amma ni ina kallon abin kamar ajin yaƙi da jahilci na matan aure. Ba don sun gaza maza aka ware musu aji ba, sai don wuri da lokacin da aka sa wa maza ba su dace da su ba. Ita kanta Booker sai a 2019, bayan shekara 50, baƙar mace ta fara cin ta, watau Bernardine Evaristo wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗin raba mata aka yi da Margaret Atwood ta Kanada.

Mu dawo gida. Babbar gasar adabi ta Nijeriya, wadda kamfanin gas na NLNG ya kafa a 2004, kyautarta ta kai dala 100,000, kuma ɗan Arewa Abubakar Adam Ibrahim ya ci ta a 2016, muka yi murna. Sai dai littattafan Turanci ake shigarwa, saboda haka mai rubutu da Hausa, mace ko namiji, daga bakin ƙofa ya tsaya. A wannan shekara ta 2016 ɗin ce kuma Sashen Hausa na BBC ya kafa gasar Hikayata domin mata. Dubi yadda aka tsara ta. Gajeren labari ake nema, kalma 1,000 zuwa 1,500, wanda mace za ta iya rubutawa tsakanin ɗora tukunya da saukewa. Ba sai an buga shi littafi ba, ba kuɗin maɗaba'a, ta imel ake aikawa. Sanarwa kuma ta rediyo take zuwa, shi rediyo kuwa ba ya tsayawa a zaure, har kicin yake shiga. Bayan uku na farko akan ware wasu labaran da suka cancanci yabo a karanta su duniya ta ji. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara ci da labarin Sansanin 'Yan Gudun Hijira, Maimuna Idris Sani Beli ta ci a 2017, a 2022 kuwa kyautar ta tsallaka iyaka, Amira Souley daga Jamhuriyar Nijar ta ɗauka da labarinta Garar Biki.

Amma akwai matan da har yanzu saƙon bai kai ɗakinsu ba, kuma ɗaya daga cikinsu katanga ce kawai ta raba mu. Goggo muke kiranta. Mutuniyar ƙasar Sakkwato ce aure ya kawo ta garinmu, ta haura shekara hamsin, ɗinkin hula take yi, a ajin manya ta koyi boko bayan ta aurar da 'yarta ta fari. Wata rana ta shigo da littafi mai layi a ƙarƙashin mayafi, ta ce, "Malama, ki duba mini wannan, amma kada ki yi mini dariya." Labari ne na wata mata da kishiyarta ta rasu wajen haihuwa, ta ɗauki jaririn ta goya, dangi suna cewa za ta kashe shi, yaron ya girma bai san ba ita ta haife shi ba, har ranar da aka zo rabon gado. Na fara karantawa bayan isha'i, ban rufe ba sai da fitila ta mutu.

Ana nan sai aka sa wata gasa a jiharmu, ba sai na faɗi masu ita ba. Sharuɗɗan su ne a buga labari da kwamfuta, a kawo kofi uku, a biya kuɗin shiga a banki a haɗo da rasit da hoto, kuma a rubuta da daidaitacciyar Hausa. Babu sharaɗi ko ɗaya da ya ce ban da mata ko ban da tsofaffi, amma ki gaya mini wanne daga ciki Goggo za ta iya cikawa ita kaɗai? Na karɓi aikin. Na yi Asabar uku ina zuwa shagon masu buga takardu, yaron shagon kuwa kwamfutarsa ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, sai da na bi da biro ina lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya a kofi ukun.

Inda na yi kuskure shi ne wajen daidaita Hausar. Goggo tana rubuta munka da sunka da anka, tana cewa ɗiya, tana cewa hwaɗi. Na bi na mayar da su muka da suka da aka, kamar yadda nake yi wa 'yan aji shida. Da na gama na karanta mata. Ta yi shiru har na kai ƙarshe, sa'an nan ta ce, "Malama, ya yi kyau. Amma wagga mata ba ita ce tawa ba, tawa ba ta magana haka." Kunya ta kama ni. Ni da nake ganin ni ce ɗan aiken, ashe na tsaya a soro na canja saƙon. Muka yi yarjejeniya, bayanin mai ba da labari ya zauna da daidaitacciyar Hausa, maganar mutanen cikin labari kuwa ta koma yadda suke yi a garinsu. Aka sake bugawa, aka sake biya.

Ba ta ci ba. Wannan bai dame ni ba ƙwarai, gasa ce, wani zai ci wani zai faɗi. Abin da ya dame ni shi ne ko takardar cewa labarin ya iso ba mu samu ba, balle layi biyu na cewa ga inda ya yi kyau ga inda ya gaza. Bikin ba da kyauta kuma da dare aka yi shi a otal a babban birnin jiha, wanda ko da ta ci sai dai a aika ɗanta ya karɓo. Da masu shirya irin wannan gasa za su ji ta bakina, da na roƙe su su karɓi rubutun hannu ko da hotonsa ne aka ɗauka da waya, su cire sunan marubuci kafin a miƙa wa alƙalai, kuma su duba su wa suka ɗora a kan tacewar farko, domin masu rage labari ɗari uku zuwa talatin sun fi manyan alƙalan da ake ɗauka hoto iko. In duk maza ne 'yan gari ɗaya, ko mata ne amma duk 'yan jami'a, to kunnensu iri ɗaya ne, labarin da bai yi kama da wanda suka saba ji ba zai faɗi tun a rariya.

Ke kuma 'yar'uwa, in kina da waya mai intanet, ko kina koyarwa, ko 'yarki tana sakandare ta iya buga rubutu, ki tambaya a unguwarku. Za ki sha mamakin yawan littattafai masu layi da ke ƙarƙashin katifa da cikin kwalla. In kin ji sanarwar gasa, ki karanta sharuɗɗan tun da wuri, ba a fafe gora ranar tafiya, musamman yawan kalmomi da ranar rufewa da ko an sa iyakar shekaru. In za ki gyara wa wata, ki gyara rabon kalma da lanƙwasa da aya, sauran ki tambaye ta kafin ki taɓa. Kada kuma ki aika da littafin asali ko'ina, kofi ake aikawa, kuma da sunanta za a aika, ba da naki ko na mijinta ba.

Ita yarinyar bencin baya na ba ta amsarta ranar Litinin, a taƙaice, na kuma ƙara sunan Hafsatu Abdulwahid da na Balaraba Ramat Yakubu a ƙarƙashin biyar ɗin da ke kan allo. Ta kwafe su a littafinta, ta tambaye ni ko tatsuniyar kakarta za ta iya shiga gasa in ta rubuta. Na ce ta fara rubutawa tukuna ta kawo in gani, kuma ta rubuta sunan kakar a sama. Goggo kuwa ta yi wata biyu ba ta ta da zancen ba, sai shekaranjiya ta aiko jikanta da sabon littafi mai shafi sittin, an cika arba'in da ɗaya. Mun yi da ita ranar Asabar bayan la'asar za mu zauna, ita ta karanta da bakinta, ni in buga a waya.